Na haddace ginshiƙan OOP amma na kasa tsara manhaja da su: ta ina zan kama?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Ina neman shawararku a kan tsarin rubuta manhaja bisa objek, wanda aka fi sani da OOP. Yaren Python nake koyo, kuma na riga na ƙware daidai gwargwado a matakan farko, wato ajiye ƙima, gindaya sharaɗi, maimaita umarni da rubuta fankshin, wato guntun umarni mai suna da ake kira ya yi wani aiki. Da na iso kan kilas da objek sai na bi darussa da dama, kusan dukkansu suna nanata ginshiƙai huɗu: killace bayanai, ɓoye sarƙaƙiya, gado, da yawan siffa. Ko daga barci aka tashe ni zan iya kawo ma'anar kowanne, amma da zarar na buɗe shafi babu komai a cikinsa domin in tsara tawa manhajar, sai in rasa abin da ya cancanci zama kilas da abin da bai cancanta ba.

Domin in gwada kaina na fara rubuta manhajar ɗakin karatu, wadda za ta riƙa lura da littattafai, da mambobi, da wanda ya ari wane littafi. Ƙa'idojin ba su da yawa: ɗalibi ba ya wuce littattafai 3 a lokaci guda, malami ba ya wuce 5, kuma littafin da yake hannun wani ba a sake bayar da shi sai an dawo da shi. Matsaloli uku ne suka tsaya mini. Ta farko, sharaɗin da ke duba yawan littattafan ya warwatsu a wurare daban-daban na kod ɗin, har ta kai idan na sauya iyaka a wuri ɗaya sai wani wurin ya ci gaba da aiki da tsohuwar. Ta biyu, na gina kilas mai suna Mutum, Mamba ya gaje shi, sannan Dalibi da Malami suka gaji Mamba, sai ga tambayar ɗalibin da yake koyarwa a lokaci guda, na rasa inda zan ajiye shi. Ta uku kuwa ita ce ta fi ɗaure mini kai: idan mamba ɗaya ya ari littafi, sai littafin ya bayyana a jerin kowane mamba. Ga yadda na rubuta farkon kilas ɗin:

```
class Mamba:
    aro = []

    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
```

Ina roƙon wanda ya jima a wannan fanni ya nuna mini inda tunanina ya karkace, da kuma tsarin da ya kamata in bi wajen koyon waɗannan abubuwa, domin na lura haddar ma'anoni ba ta kai ni ko'ina ba.

Tsohon_Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da matsalarka ta uku domin ita ce mai gajeriyar amsa, kuma a cikinta akwai bambancin kilas da objek gaba ɗayansa. Jerin da ka rubuta kai tsaye a ƙarƙashin sunan kilas, a wajen `__init__`, sau ɗaya tak Python yake ƙirƙirarsa, a lokacin da yake karanta bayanin kilas ɗin, don haka mallakar kilas ne, duk wani objek da aka gina daga gare shi jeri guda ɗin nan yake kallo. Abin da kake so shi ne kowane mamba ya samu nasa jerin, kuma hakan na faruwa ne idan ka ƙirƙire shi a cikin `__init__` da `self.aro = []`, saboda wannan metod ɗin, wato fankshin da ke cikin kilas, ana gudanar da shi ne duk lokacin da aka gina sabon objek. Kilas bayani ne na yadda mambobi za su kasance da abin da za su iya yi, objek kuwa mamba ne guda ɗaya takamaimai da ke zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta da nasa bayanan.

Matsalarka ta farko ita ce nake so ka daɗe a kanta, domin a ganina a nan OOP yake, sauran duk reshe ne. Tambayar da ta kamata ka riƙa yi wa kanka ba ita ce "mene ne zai zama kilas" ba. Tambayar ita ce: wace ƙa'ida ce bai kamata a taɓa karya ta ba, kuma wane ne ke da alhakin tsare ta? A manhajarka ƙa'idoji biyu ne, kuma kowacce tana da mai ita. Iyakar yawan littattafai ta mamba ce, domin shi ne ya san abin da ke hannunsa. Haramcin bayar da littafi sau biyu na littafin ne, domin shi ne ya san ko yana kan kanta ko ya fita. Abin da ya warwatsa maka sharaɗin shi ne ka bar jerin a buɗe, kowane sashe na kod yana iya sa hannu ya ƙara littafi, don haka dole kowane sashe ya maimaita binciken da kansa. Idan ka rufe jerin, ka bar ƙofa ɗaya da ake bi a ari littafi, binciken zai zauna a bakin wannan ƙofa shi kaɗai:

```
class Mamba:
    def __init__(self, suna, iyaka):
        self.suna = suna
        self._iyaka = iyaka
        self._aro = []

    def ari(self, littafi):
        if len(self._aro) >= self._iyaka:
            raise ValueError("An kai iyakar aro")
        littafi.fita()
        self._aro.append(littafi)
```

Ka lura da jerin layuka biyun ƙarshe, domin ba a banza na jera su haka ba. Ana fara kiran `littafi.fita()`, wanda shi kuma zai tayar da kuskure idan littafin yana hannun wani, sai idan ya amince sannan a ƙara shi a jerin mamba. Da an juya su, duk ranar da littafi ya ƙi fita za a bar mamba da littafin da bai karɓa ba a rubuce a kansa. Ka kuma lura cewa Mamba bai leƙa cikin Littafi ya duba halinsa ba, ya dai ce masa ya fita, shi kuma littafin ya yanke hukunci. Wannan shi ne killace bayanai a aikace.

Tunanin ya girmi yawancin yarukan da muke amfani da su yau. A shekarar 1972 David Parnas ya wallafa wata maƙala a kan yadda ya kamata a rarraba manhaja zuwa sassa, inda ya nuna cewa kowane sashe ya kamata ya ɓoye wata shawarar tsari guda, musamman wadda ake tsammanin za ta sauya nan gaba, ta yadda idan ta sauya sauran sassan ba za su ji a jikinsu ba. A wajenka shawarar da za ta iya sauyawa ita ce yadda ake ajiye littattafan da aka ara. Yau jeri ne, gobe yana iya zama tebur a rumbun bayanai, kuma muddin kowa ta hanyar `ari` yake bi, kilas ɗaya kawai za ka taɓa.

Sai gargaɗi biyu. Layin ƙasa da na sa a gaban `_aro` ba ya hana kowa taɓa shi, domin Python ba shi da katanga irin ta Java ko C++ inda kalmar `private` take sa a ƙi harhaɗa kod ɗin idan an keta ta. A Python yarjejeniya ce tsakanin masu rubutu cewa wannan na cikin gida ne. Idan ka sa layin ƙasa biyu, Python yana sauya sunan ta hanyar liƙa masa sunan kilas, amma ko wannan an yi shi ne don kauce wa karon sunaye a wajen gado, wanda ya nace zai isa gare shi. Na biyu, za ka ga darussa da yawa suna cewa ka ɓoye kowace sifa, wato kowane bayani da objek ke riƙe da shi, sannan ka rubuta mata metod na karantawa da na sauyawa. Wanda ya yi haka ga `_aro` tamkar ya sa wa ƙofa kwaɗo ne ya rataye makullin a jikinta, domin duk wanda zai iya maye gurbin jerin gaba ɗaya ya riga ya tsallake ƙa'idar. Ka ba objek ɗinka ayyuka masu ma'ana irin su `ari` da `mayar`, kuma idan wani yana buƙatar ganin jerin, ka ba shi kwafi.

Malama_Kod ta amsa:

Malam Tsohon_Hannu ya gama magana a kan killacewa, don haka zan ɗauko yawan siffa, wanda nake ganin darussa suna cutar da shi ta hanyar misalan dabbobi masu kuka daban-daban, misalan da ɗalibi ke fahimta cikin minti ɗaya amma ba ya sake haɗuwa da irinsu a aiki.

Ka ɗauka an ce manhajarka ta riƙa tunatar da mambobi idan wa'adin littafi ya cika, wasu ta imel, wasu ta saƙon waya. Hanyar da hannu ya fi saurin kaiwa gare ta ita ce a rubuta sharaɗi: idan nau'in imel ne a yi kaza, idan na waya ne a yi kaza. Wannan yana aiki lafiya har ranar da za a ƙara hanya ta uku, lokacin da za ka bi kod ɗin kana neman duk inda ka taɓa yin wannan tambaya. Maimakon haka, ka gina kilas biyu, TaImel da TaWaya, kowannensu yana da metod mai suna `aika` da ke karɓar mamba da saƙo. Sashen da ke tunatarwa abin da kawai zai yi shi ne ya kira `aika` a kan abin da aka miƙa masa, ba tare da ya san wanne ne ba. Kira ɗaya ne, amma objek ɗin da ya karɓa shi ne ke zaɓar yadda zai aiwatar, kuma ana tantance wannan ne a lokacin da manhajar take gudana. Ranar da hanya ta uku ta zo, sabon kilas za ka rubuta, tsohon kod ɗin ba ka taɓa shi ba. Saboda haka nakan ce wa masu koyo, duk inda ka ga kana maimaita dogon sharaɗi a kan nau'in abu a wurare fiye da ɗaya, to yawan siffa yana yi maka hannunka mai sanda.

A Python ba ka buƙatar gado kafin ka samu wannan, domin yaren ba ya tambayar asalin objek, yana duba ne kawai ko yana da metod ɗin da aka kira. A Java kuwa sai ka fara bayyana yarjejeniyar a fili ta hanyar intafes, kowane kilas ya ɗauki alƙawarin cika ta, a kuma tabbatar da hakan tun kafin manhajar ta tashi. Kowanne yana da amfaninsa, kuma idan kana son makamancin wannan tabbaci a Python akwai `abc` a cikin ɗakin kayan aikinsa, wanda zai hana a gina objek daga kilas ɗin da bai cika metod ɗin da aka wajabta ba. Ginshiƙin nan da ka kira ɓoye sarƙaƙiya ma ka riga ka same shi a nan ba tare da wani ƙarin aiki ba: mai kiran `aika` bai san komai game da sabar imel ko kamfanin sadarwa ba, kuma bai kamata ya sani ba.

Sanin ɗan tarihi yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa yarukan suka bambanta. Kilas da gado sun fara bayyana ne a yaren Simula, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a birnin Oslo na ƙasar Nowe a shekarun 1960, kuma zubin da ya shahara shi ne Simula 67. Buƙatarsu ita ce kwaikwayon tsare-tsaren duniya a cikin kwamfuta, inda abubuwa da yawa ke gudana tare, kowanne da nasa hali, don haka ya zama dabi'a a haɗa bayanan abu da ayyukansa wuri guda. Daga nan hanya ta rabu biyu. A cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka, Alan Kay da abokan aikinsa, cikinsu har da Dan Ingalls da Adele Goldberg, suka gina Smalltalk a shekarun 1970, inda komai objek ne kuma suna hulɗa ta hanyar aika wa juna saƙo. Shi kansa Kay ya bayyana daga baya cewa aika saƙon shi ne babban tunanin a wurinsa, fiye da kilas. A ɗaya ɓangaren, Bjarne Stroustrup ya fara ɗora kilas irin na Simula a kan yaren C a 1979 a Bell Labs, aikin da ya zama C++, sannan Java ta fito daga kamfanin Sun Microsystems a 1995 ta yaɗa salon a makarantu da kamfanoni. Yawancin darussan da suka fara da bishiyar gado daga wannan reshe na biyu suka ɗebo, amma idan ka ɗauki kallon Smalltalk, wato wa ke aika wa wa wane saƙo, za ka ga tsara manhaja ya fi zuwa da sauƙi.

Mai_Neman_Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Malama. Na mayar da jerin cikin `__init__` kuma kowane mamba ya koma ganin nasa littattafan kaɗai. Na kuma tattara binciken iyaka a cikin `ari`, na goge sauran, kod ɗin ya ragu sosai. Sai dai har yanzu maganar gado tana nan. Ban da ɗalibin nan mai koyarwa, wata sabuwa ta taso: akwai littattafan da ba a fita da su daga ɗakin karatu, irin su ƙamus da kundin ilimi. Abin da na yi shi ne na gina kilas mai suna LittafinZama da ya gaji Littafi, na sake rubuta `fita` a cikinsa ta yadda kullum zai tayar da kuskure. Yana aiki, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, domin yanzu akwai wuraren da sai na duba nau'in littafi kafin in nuna maɓallin aro, wato irin sharaɗin da Malama ta yi gargaɗi a kansa. Shin laifin gadon ne ko laifin yadda na yi amfani da shi? Kuma tunda Python yana yarda kilas ya gaji iyaye biyu, me zai hana in gina DalibiMalami da zai gaji Dalibi da Malami a tare?

Injiniya_Mai_Shakka ya amsa:

Kafin a ba ka amsar gado, ina so in kawo wani ra'ayi da ya ɗan saɓa wa yanayin wannan tattaunawa, domin kada ka fita daga nan da tunanin cewa kowace matsala kilas ne maganinta. Wani kaso mai yawa na manhajarka ba ya buƙatar objek ko kaɗan. Lissafin ranar da wa'adin littafi zai cika aiki ne da ke karɓar ranar aro da yawan kwanaki ya dawo da wata rana, ba ya tuna komai kuma ba ya tsare wata ƙa'ida, don haka fankshin ne kawai, kuma cusa shi cikin wani kilas mai suna ManajanLissafi ba zai ƙara masa komai ba sai tsawo. Duk kilas ɗin da ke da `__init__` da metod ɗaya tal, kuma ba ya cikin 'yan'uwa masu cika yarjejeniya guda irin waɗanda Malama ta kwatanta, ya cancanci a tuhume shi. Haka nan bayanan da ba su da wata ƙa'ida ta musamman, kamar suna da marubuci da shekarar bugu, `dataclass`, gajeriyar hanyar gina kilas na ajiye bayanai da ta shigo a Python 3.7 a 2018, ta ishe su, ba sai ka wahalar da kanka da ɓoye-ɓoye ba.

Ina faɗin haka ne saboda an yi wani zamani, musamman daga tsakiyar shekarun 1990, da aka ɗauki OOP a matsayin hanya ɗaya tilo, aka riƙa gina bishiyoyin gado masu hawa da yawa waɗanda mai gyara ke buɗe fayil bayan fayil kafin ya gano inda ainihin aikin yake faruwa. Sababbin yaruka sun koyi darasi daga wannan. Go, wanda Google ya fitar a 2009, ba shi da gadon kilas sam, haka Rust, wanda zubinsa na farko tsayayye ya fito a 2015, amma dukansu biyu sun riƙe killace bayanai da yawan siffa, Go ta hanyar intafes, Rust ta hanyar abin da yake kira `trait`. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka waɗanne ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyin ginin.

Zan kuma ba ka shawarar ka jinkirta karatun tsare-tsaren ƙira, waɗanda littafin Design Patterns na 1994 ya tattara guda 23 daga cikinsu. Littafin yana da daraja, amma kowane tsari a cikinsa amsa ce ga wani ciwo na musamman, kuma wanda bai taɓa jin ciwon ba yakan haddace sunayen ya riƙa liƙa su inda ba a buƙata. Wasu daga cikinsu ma suna raguwa zuwa layi biyu ko uku a Python, tunda yaren yana ba ka damar miƙa fankshin kamar kowace ƙima.

Tsohon_Hannu ya sake amsawa:

Na yarda da mafi yawan abin da Injiniya ya faɗa, sai dai zan ƙara cewa mai koyo ba zai gane iyakar gado ba sai ya taɓa shi da hannunsa, kuma kai yanzu ka taɓa. Rashin kwanciyar hankalin da ka ji game da LittafinZama yana da tushe mai ƙarfi. A 1987 Barbara Liskov ta gabatar da wata ƙa'ida da yau ake kiranta da sunanta, wadda ta sake tsarawa tare da Jeannette Wing a 1994. Ma'anarta a taƙaice ita ce duk inda kod yake tsammanin objek na kilas uba, ya kamata a iya miƙa masa na kilas ɗa ba tare da wani abu ya lalace ba. Littafi ya yi alƙawarin cewa idan yana kan kanta za a iya fita da shi, LittafinZama kuwa ya gaji sunan ya saɓa alƙawarin, shi ya sa aka tilasta maka komawa duba nau'i. A harshen yau da kullum ƙamus littafi ne, babu musu, amma gado a manhaja ba rabe-raben harshe yake bi ba, halayya yake bi: shin ɗan yana yin duk abin da uban ya yi alƙawari? Ko manyan yaruka ba su tsira daga wannan tarko ba. A Java, kilas ɗin `Stack`, wato tari, ya gaji `Vector`, wato jeri, don haka ana iya cusa abu a tsakiyar tarin da ya kamata a riƙa taɓa shi ta sama kawai, kuma bayanan Java na hukuma da kansu suna ba da shawarar a yi amfani da `Deque` a madadinsa.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne ka daina ɗaukar fita a matsayin alƙawarin kowane littafi. Ka ba Littafi metod mai suna `ana_iya_ara`, wanda zai duba abu biyu, ko littafin na zama ne da ko yana hannun wani, ya dawo da eh ko a'a. Maɓallin aro wannan zai tambaya, `fita` ma shi zai tambaya, kuma kasancewa na zama ya koma sifa guda a jikin littafi. Kilas ɗin LittafinZama sai ka goge shi. Akwai ƙarin riba: ranar da hukumar ɗakin karatu ta yanke cewa wani tsohon ƙamus ya halatta a fita da shi, sifa ɗaya za ka sauya, alhali objek ba ya barin kilas ɗin da aka gina shi da shi ta hanya mai tsabta.

Wannan dalili na ƙarshe shi ne amsar DalibiMalami. Python zai yarda ka gaji iyaye biyu, kuma yana da tsayayyen tsari na tantance wane metod zai fara nema, wanda za ka iya gani da `__mro__`, amma yardar yare ba ta nufin tsarin ya yi kyau. Wace iyaka sabon kilas ɗin zai ɗauka, 3 ko 5? Idan aka ƙara ma'aikaci da baƙo, kilas nawa za ka gina domin kowane haɗi? Kuma ɗalibin da ya kammala ya zama malami, za ka rushe objek ɗinsa ne da tarihin aronsa ka gina sabo? Ɗalibta da malanta matsayi ne da mutum ke riƙewa ya kuma sauke. Don haka ka gina ƙaramin kilas mai suna Matsayi, mai ɗauke da suna da iyaka, Mamba ya riƙe jerin matsayinsa, iyakarsa kuma ta zama mafi girma a cikinsu, ko duk abin da dokar ɗakin karatun ta ce. Wannan shi ake kira haɗa sassa, wato objek ya mallaki wani objek ya miƙa masa wani ɓangare na aikin, kuma littafin nan na 1994 da Injiniya ya ambata ya ba da shawara tun a babinsa na farko cewa a fifita shi a kan gado. Da wannan, Mutum da Dalibi da Malami duk sun tafi, Mamba da Matsayi suka rage.

Gado yana da wurinsa, kuma a cikin manhajarka ma akwai shi. Maimakon `ValueError` da na yi amfani da shi a sama don taƙaitawa, ka gina KuskurenAro da zai gaji `Exception`, sannan AnKaiIyaka da LittafiYaFita su gaje shi. Duk wanda ya shirya kama KuskurenAro zai kama kowanne daga cikinsu ba tare da mamaki ba, wato ƙa'idar Liskov ta cika, kuma babu ranar da ɗayansu zai buƙaci sauya nau'i.

Game da tsarin koyo da ka tambaya tun farko, kada ka fara sabuwar manhaja, ka zauna a kan wannan ka riƙa matsa mata da sauye-sauye, domin ingancin tsari ba ya bayyana sai an zo gyara. Ka fara rubuta gwaje-gwaje da `unittest` ko `pytest` ga ƙa'idojinka: ɗalibi ya nemi littafi na huɗu a hana shi, a nemi littafin da ya fita a ƙi, a dawo da shi a sake bayarwa. Sannan ka ƙara damar yin layi a kan littafin da ke hannun wani, ka ƙara sabunta wa'adi sau ɗaya, ka sauya ma'ajiyar bayanai daga jeri zuwa rumbun bayanai na SQLite. Bayan kowane sauyi ka ƙirga kilas nawa ka buɗe. Idan ƙaramin sauyi ya sa ka taɓa huɗu ko biyar, to akwai wata ƙa'ida da ba ta samu mai ita ba tukuna. Ina tsammanin tun a kan sabunta wa'adi za ka tarar cewa ranar aro da ranar mayarwa ba su dace da jikin Mamba ba, ba su kuma dace da jikin Littafi ba, domin na alaƙar da ke tsakaninsu ne. A nan za ka buƙaci kilas na musamman mai suna Aro, wanda zai riƙe mamba da littafi da ranakun biyu da adadin sabuntawa. Idan ka rubuta shi, ka liƙo kod ɗin tare da gwaje-gwajensa mu duba ko `fita` zai ci gaba da zama a jikin Littafi ko kuwa Aro ne zai karɓe shi.